Zakaran Cikin Waya

Kilomita Biyar, Bangi
Fabrairu, 2014

Zuwa ga matata Hureira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kin sauka sansanin gudun hijira na Garwa-Bulai lafiya, gajiyar mota ta sake ki. Yaya Husna da tarinta? Ki riƙa sa mata rigar nan mai hula ko da ta yi kuka. Ni lafiyata ƙalau, sai dai kewarku. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san iyakar karatun mijinki.

Ga albishir, amma ki karanta ke kaɗai. Kakarki 'Yargoggo tana raye. Ranar da 'yan Balaka, mayaƙan nan masu farautar Musulmi, suka shiga unguwarmu Yakite, kina can cikin motar gudu kina kuka, ashe maƙwabciyarmu Kirista ce ta ja ta ta ƙofar baya ta shigar da ita ɗakinta. Ba zan rubuta sunanta ba. Kin san wadda take ba Husna mangbele, tuwon rogon nan na cikin ganye. Mu riƙa ce mata Maman Mangbele. Ta ɗaura wa tsohuwa ɗankwali irin nasu, ta gaya wa 'yan unguwa gwaggonta ce bebiya daga ƙauye, don yarensu na Sango a bakin 'Yargoggo duk Hausa ce a cikinsa. Ki duba ikon Allah, 'Yargoggo da ko a barci ba ta yin shiru, ita ce yau bebiya.

Yanzu ga roƙona. Kada ki kira lambar Maman. Na san ki, da an ɗauka za ki fara da sallama da ƙarfi, wayarta kuwa kamar rediyo take. Idan aka gane tana ɓoye Musulma, daga ita har tsohuwa ba za su kwana ba. Kada kuma ki faɗa wa kowa a sansani. Wayar da kuke haya a can kowa na tsaye yana ji, magana kuma tana dawowa Bangi kafin mota ta dawo. Shi ya sa na ba Ɗantala direba wannan takarda hannu da hannu.

Gidanmu na Yakite babu rufi, an kwashe kwanon. Ina kwana a rumfata ta cajin waya a titin Kuduku, nan Kilomita Biyar inda Musulmi suka fake. Injin wuta yana nan, mutane na kawo wayoyi fiye da da, tunda ba inda za su je sai kiran 'yan uwa. Ina zaune ina sauraron waɗanda suka tsallako shinge, na lura da abu ɗaya. Yaran Balaka masu tsaron shingen ba su cika tambayar takarda ba, waya suke karɓa. Su duba sunaye, su duba hotuna, su kunna waƙa. Namu samarin ma na nan ciki sun fara haka. Mutum zai iya canza riga da hula, amma wayarsa ta faɗi komai.

Don haka zan gyara wa Maman wata waya dabam, wadda za mu riƙa magana da ita kaɗai. Tana zuwa bakin kasuwa da safe ta sayar da mangbele, ta sayi garin rogo ta koma. A nan zan ba ta.

Ki shafa min kan Husna. Ki ci abinci, na ji an ce kin rame.

Naki har kullum,
Nata'ala

Kilomita Biyar
Maris, 2014

Hureira tawa,

Assalamu alaikum. Na ga takardarki, na karanta har ta fara yagewa a wajen ninki. Na ji daɗi tari ya sauka. Kin ce Husna na ɗaukar takalminki ta kanga a kunne tana kiran Baba. Ki ce mata Baba ya ji, layin ne ba kyau.

Ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma ki kai ƙarshe kafin ki yi kuka.

Kin tuna ƙaramar wayata baƙa, wadda na ajiye a akwati ba batir tun bara? Ita na ɗauko. Na cire katin karatun Alƙur'ani, na goge hotunan sunan Husna, wannan kam sai da na rufe ido. Na goge sunaye kaf, na sa sabon layi, na rubuta lambata da sunan mai gawayi da Faransanci. Na kashe ƙarar kira, na daidaita agogo. Na juya ta gaba da baya, na ce ko wa ya duba ba zai ga Musulmi a ciki ba. Da safe na ba Maman, ta naɗe ta a leda ta tura cikin garin rogo a daronta. Ta bar min tata tsohuwar in yi mata caji.

Wajen azahar ina zaune, sai wata waya a kan teburina ta ɗauki kiran salla. Ta Malam Ja'afaru ce, ladanin ƙaramin masallacin da ke kusa da gadar Yakite. Shi kullum agogonsa a gaba yake, da gangan, don ya samu lokacin alwala. Na miƙa hannu zan kashe, sai na ga irin wadda na ba Maman ce sak. Hureira, nan take na gane kuskurena. Wayoyin nan da muke saya a kasuwarmu da kiran salla a cikinsu suke zuwa. Ba ya kan kati, ba ya cikin sunaye, kuma ko an kashe ƙara, ko an kashe wayar ma, lokaci na yi zai tashi. Na goge duk abin da ido ke gani, na manta da wanda kunnena ya saba da shi har ba ya jinsa.

A daidai lokacin nan Maman take kama hanyar gida, shingen 'yan Balaka kuwa yana bayan gada. Na kira, ba ta ji ba, ni da hannuna na kashe ƙarar. Na kira tata, ta yi ƙara a gabana. Ba ni da halin tsallakawa, ko na tsallaka na ƙara tona mata asiri ne.

Sai ga Malam Ja'afaru ya zo karɓar wayarsa. Tun da aka fara wannan fitina ba ya kira da lasifika, a bakin ƙofa yake yi a hankali kamar mai gaisuwar mutuwa. Na riƙe hannunsa na gaya masa, ban faɗi suna ba. Na ce yau ina so ya kira da lasifika, da dukkan ƙarfinsa, daidai kan lokaci ba da agogonsa ba, kuma ya ja shi. Ya dube ni ya ce, “Kai yaro, so kake a mayar da ni abin saitin bindiga?” Na ce rai biyu ne, Malam. Ya ce, “To ai babu wuta.” Na ce akwai.

Na cire babban batirin rumfa, cajin wayoyin mutane duk ya tsaya, Allah ya ba su haƙuri. Muka hau kabu-kabu ni da shi da batir a cinyata. Na haɗa wayoyin lasifika da batirin, na juya bakinta wajen gada. Da lokaci ya cika, tsohon nan ya kama. Wallahi ban taɓa jin ya yi kira irin wannan ba. Kowace kalma sai ya ja ta har numfashinsa ya ƙare. Aka yi harbi daga can tsallake, ƙasar bango ta zubo mana, bai tsaya ba. Da ya gama ya zauna yana haki, ya ce, “Idan ba ta wuce ba yanzu, to da rarrafe take tafiya.”

Na koma rumfa ina jira. Na sallaci azahar ban san me na karanta ba.

Kafin la'asar wayata ta yi ƙara. Maman ce, daga cikin ɗakinta, tana zagina ƙasa-ƙasa. Ta ce tana tsaye a layi, daro a ka, wani yaro mai layu yana bincika wayar matar gabanta, sai ta ji Allahu Akbar a tsakiyar kanta. Kafin kowa ya waiga, lasifikarmu ta rufe ko'ina. Yaran suka juya wajen gada suna ashar, ita ma ta taya su, ta ce mutanen nan ba sa barin kowa ya huta. Sai ɗayansu ya ce, wuce Mama, wuce. Ta wuce tana waƙar coci da ƙarfi, garin rogo na kiran salla a kanta. Ta ce, “Ɗana, Nzapa ne ya tsare, ba wayonka ba.” Na ce haka ne, Allah ne. Na kwatanta mata inda za ta danna, muka kashe shi tun kafin la'asar ta yi.

Ba ki ji abin da 'Yargoggo ta ce ba da aka ba ta wayar. Cikin raɗa ta ce, “Kai miji maras cefane, da kiran salla za ka kashe ni?” Sai ta ce ɗakin ba taga, ba ta ganin rana, ba ta san lokacin da take salla ba, kintata kawai take yi. Wannan ya tsaya min a rai.

Ki yafe min tsoron da na ba ki. Ki yi wa Malam Ja'afaru addu'a.

Mijinki,
Nata'ala

Kilomita Biyar
Afrilu, 2014

Hureira, sanyin idona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Husna da duk wanda ya taimake ku a can. Faɗan da kika yi min a takarda na karɓa, na cancanta. Amma na ga inda hawaye ya ɓata tawada, don haka na san ba duka ne faɗa ba.

'Yargoggo tana gabana yanzu da nake rubutu. Sojojin Afirka sun shiga Yakite da motarsu, na ba su kwatance, suka ɗauko ta a matsayin maras lafiya za a kai asibiti, don kada a zargi gidan. Tana sauka a titin Kuduku ta buɗe baki, har yanzu ba ta rufe ba. Ta ce rumfata ƙazanta, ta ce na yi baƙi, ta ce shayina ruwa ne. Ban taɓa jin daɗin faɗa haka ba. Idan ƙafarta ta yi sauƙi za mu biyo ayarin Ɗantala, da yardar Allah.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Bayan abin nan, da Maman ta dawo kasuwa, na karɓi wayar na sa mata ƙararrawa a lokutan salla, amma da carar zakara. A unguwarsu kowa na da kaji, ba mai waigawa. 'Yargoggo ta ce da zakara ya yi cara, ko me Maman take yi sai ta ajiye, ta ɗebo ruwa a gwangwani ta kai mata bayan labule, sannan ta zauna a bakin ƙofa tana tsinkar ganyen rogo har tsohuwa ta idar. Haka suka yi kullum. Wata maƙwabciya ta tambaye ta wane irin zakara ne mai cara da rana tsaka, ta ce ɗan ƙauye ne, bai saba da birni ba.

Jiya ta zo kasuwa, ta kawo wa tsohuwa mangbele. Suka rungume juna a bayan rumfa, inda ba a gani. Na ce ta kawo wayar in cire mata zakaran, tunda aikinsa ya ƙare, wayar kuma ta zama tata. Ta ɓoye ta a zani. Ta ce ɗakin ya yi mata girma tun da aka tafi da gwaggonta, idan ya yi cara har yanzu tashi take yi ta nufi randa kafin ta tuna. Ta ce, “Ka goge abin da za ka goge, amma kada ka taɓa min zakarana.”

Ban taɓa shi ba, Hureira. Caji kawai na yi mata.

Ki ce wa Husna ta ajiye takalmin, Baba na tafe da kansa.

Naki,
Nata'ala