Ƙwayar Ƙarƙashin Harshe

Zuwa ga Uwar Lami,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na san ba za ki karanta ba. Ko da ranki ma, rubutuna sai da tafinta.

Ga labarin gida. An ƙara mana albashi, na sayi Vespa don in burge mutanen tashar Bolari. Na manta ba yabo take sha ba, fetur ne. Ta mutu mini a hawa, na kama turawa da rana tsaka. Sai na ji kamar an ɗora mini buhun gero a ƙirji, ciwon ya gangara hannun hagu, ya hau muƙamuƙi.

Likita ya ce jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini ne suka ƙuntata, kamar tiyon fetur da datti ya cushe. In ina zaune, ɗan abin da ke wucewa ya isa. In na yi aikin ƙarfi, zuciya ta nemi ƙari ta rasa, shi ne ciwon. Ya hana ni taba da kitsen tsire, ya ba ni wata ƙwaya. Ba a haɗiye ta. In abin ya taso, in zauna, in sa ta ƙarƙashin harshe, in yi shiru har ta narke; in bai lafa ba, in garzaya asibiti. Shekara ashirin kina neman abin da zai rufe mini baki, ashe yana can a kwalba.

Kin tuna yadda kike ajiye taɓarya ana tsakiyar daka, ki dafe ƙirji? Na ce ragwanci ne, har waƙa na yi miki, kika yi dariya. Me ya sa kika yi dariya? Me ya hana ni kai ki? Ki yafe mini.

Yanzu yayana Baba Audu ya ce in cire Lami daga kwalejin malamai ta dawo ta yi jinyata. Wallahi ba zan cire ta ba. Wace jinya? Kwalba tana aljihuna, harshe yana bakina. Saura mata shekara biyu. Na yi miki alkawari za ta gama, kuma shi kaɗai ne alkawarina da ban karya ba tukuna.

Ajali na Allah ne, amma ni ba zan tura wa ajalin Vespa ba. Kada ki yi mini shimfiɗa yanzu. Sai na riƙo takardar Lami a hannu.

Allah ya haskaka makwancinki.

Mijinki mai surutu, wanda ya koyi shiru a makare,
Sale