Keken Baba Ba Ya Kawo Wuta

Litinin, 19 ga Agusta, 2024

Na iso Gwandu da la'asar, motar Kalgo ta gama jijjiga ni. Baba lafiya lau, sai gwiwa da ya goge. Kekensa mai inji ne a kwance. Jiya ya shiga kwalbatin hanyar Maruda da shi, ruwa har sirdi, yana ganin inji zai iya abin da jaki ke ƙi. Shekara saba'in da huɗu.

Yaya Zayyanu ya kira tun ban cire mayafi ba. Ranar Asabar zai zo da mota. In keke bai tashi ba, Baba ya koma wurinsa Birnin Kebbi, a ba wani gonar fadama. Babu keke, babu zuwa gona, gwiwoyin sun daɗe da ajiye aiki. "Ke ce mai digirin fiziks, in kika ce ya mutu zai yarda." Wato an kira ni in yi wa inji sallar gawa.

Gaskiya ni ma na gaji da jiran kiran waya duk damina.

Talata, 20 ga Agusta

Na ɗora bayan keken a kan turmi, na cire fulogi, na juya feda da hannu. Ruwa ya yi tsartuwa daga ramin har fuskata. Na zubar da man tanki, na wanke kabureta da fetur, na shanya komai a kan tabarma kamar kuɓewa.

Na manna fulogi a jikin inji, na sake juyawa. Ya kamata a ga ɗan tartsatsi. Babu.

Baba na zaune a kujera yana kallo. "Uwata, mi kika gani?" Sunan mahaifiyarsa gare ni, bai taɓa faɗinsa ba. Na ce ban ga komai ba. Ya ce to ai wannan ma gani ne.

Laraba, 21 ga Agusta

Habibu bakanike ya zo, da tumbinsa da ra'ayoyinsa. Ya sa sabon fulogi. Ya buɗe murfin maganaɗisu, ya goge tsatsa da samfefa. Ya canza ƙaramin baƙin akwatin wuta da wani da ya ciro daga aljihu. Shiru.

"Malama, injin ga ya sha ruwa har ruhinai."

Na tambaye shi a wace waya ruhin yake. Bai yi dariya ba. Ya ce a makaranta ana koyar da wuta a allo, shi kuwa ta sha jan shi. Wannan kam ya ci ni.

Na lura da abu guda: ya taɓa ko'ina ban da hannun keken na dama. Can layar Inna, mahaifiyarmu, take. Shekarar da za ta rasu ta sa aka rubuto, ta naɗe ta da jar fata a kan hannun, ta ɗinke da kanta. Habibu in zai ɗaga keken ma ta sirdi yake kamawa.

Alhamis, 22 ga Agusta

Kowa ya tafi jana'iza Ceberu. Ni kaɗai da kaji.

Na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya don kada a ce ban bi ba. Biyu sun hau sama sun shige ƙarƙashin fatar Inna. Na latsa fatar, ruwa ya fito, yau kwana huɗu, alhali komai ya bushe. Maɓallin kashe inji yana ciki, rabinsa a rufe. Jiƙaƙƙiyar fata, jiƙaƙƙen maɓalli. Tun Lahadi keken yake jin ana ce masa ya mutu, shi kuma yana biyayya.

Na zare wayoyin biyu daga ƙasa, na juya feda.

Shuɗi. Ƙarami, tas-tas-tas.

Na daɗe a tsugune. Sai na mayar da wayoyin yadda suke, na wanke hannu, na ɗora sanwa.

Juma'a, 23 ga Agusta

Ban faɗa wa kowa ba. Ba ƙarya na yi ba, ba a tambaye ni ba ne.

A bar wayoyin a zare ba zai yiwu ba, tsoho a kan injin da ba ya kashuwa. Sai an kwance ɗinkin Inna. Ko kuma a bar komai, gobe mota ta zo, in koma Kalgo in yi barci.

Bayan masallaci na sami Baba yana ninke kaya a jakar buhu. Riguna uku, buta, rediyo. Ya sa lauje a ciki, ya fitar, ya sake sawa. Na ce Baba, gidan Yaya duk siminti ne, me za ka yanka? Ya ce, "Ba ni yanka komi. In dai gan shi."

Kaina ke ciwo.

Asabar, 24 ga Agusta

Na faɗa wa Baba bayan asuba. Duka, har da cewa tun Alhamis na sani. Ya dube ni. Ya shiga ɗaki ya fito da rezarsa ta aski.

"Zaren za ki yanka, ba fatar ba."

Ɗinkin Inna a karkace, kamar na rigunan makarantarmu. Na kwance shi ɗaya-ɗaya. Maɓallin ya yi kore a ciki. Samfefa, fetur, rana. Na mayar da layar hannun hagu inda babu waya, na ɗinke. Nawa ya fi nata karkacewa.

Ƙarfe sha ɗaya Yaya ya tsaya a ƙofar gida, daidai lokacin da Baba ya saki kuloci. Hayaƙi ya cika zaure, kaji suka watse. Ya zagaya dalbejiya sau biyu, ya danna maɓalli, inji ya mutu, ya sake tayarwa don kowa ya gani.

Yaya ya ja ni gefe. "In ya sake faɗawa ruwa, ke ce."

Na ce na ji. Ni ce.

Jakar buhun tana nan a zaure, ba wanda ya kwance. Lauje kawai aka cire.

Laraba, 28 ga Agusta

Kalgo. Baƙin mai bai fita daga farcena ba, na daina gogewa.

An yi ruwa jiya, na kira Baba sau uku. Ya bi ta doguwar hanya, in ji shi.

Na sayi fulogi biyu da sufana a kasuwa, suna cikin jakata tare da alli. Na ce masa zan riƙa zuwa duk Asabar, fulogin irin wannan inji sai ana dubawa mako-mako. Ban karanta haka a ko'ina ba. Shi ma bai tambaya ba, ya ce dai a sa tuwo da ni.