Layin da Ka Goge

Damagaram, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga aminina Yunusa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Kellu da yara. Yaya Yamai, yaya sabon biro, ofishin naka? Mu nan sai godiyar Allah. Mai ɗakina Nasara tana gaishe ku, ta ce a tuna wa Kellu turaren wutar da ta yi mata alkawari tun bara.

Ga kile nan, ɗan filashin kwamfuta, na ba Ado direba, duk aikin yana ciki. Gadar da za ta haɗa manhajojin nan biyu ta ƙare, Yunusa! Shekara biyu ina fama da ita tsakanin aji da gyaran takardun 'yan lise, ɗalibaina na sakandare, shekaranjiya ta yi aiki. Na san yanzu kai mutumin taro ne da rubuta rapor, wato rahoto, hannunka ya kwana biyu bai taɓa irin wannan ba, to bari in tuna maka kada darakta ya yi tambaya ka tsaya kana sosa ƙeya.

Tsohuwar manhajar projenku, wadda ke lissafa ko ƙasa ta jiƙu ta isa shuka, da harshen kwamfuta na C++ aka rubuta ta, kuma ba ta iya karatu ba sai daga fishiye, wato fayil, harafi bayan harafi, kamar mai shan ruwa a bakin famfo. Saƙonnin da masu auna ruwan sama ke turowa ta salula daga ƙauyukan Zermu da Hamdara kuwa, Python ne ke karɓarsu, kowanne dunƙule guda. Harsuna biyu ne da ba sa jin juna. Da, sai mutum ya zauna ya kwashe saƙonnin cikin fishiye da hannu, kafin amsa ta fito kwana biyu sun wuce, ƙasa ta sha iska. Gadata tana karɓar saƙon daga hannun Python ta miƙa wa tsohuwar a matsayin fishiye, ita kuma ta yi ta tsotsa ba ta san an yi mata wayo ba. Cikin minti ɗaya manomi zai sami amsa: shuka, ko dakata.

Sau huɗu na je Hamdara a kan babur ina koya wa mutanen garin yadda abin zai yi aiki. Malam Alkasum, dattijon da ke riƙe da ma'aunin ruwan garin, ya ce shekara hamsin yana noma waya ba ta taɓa ba shi shawara ba, amma tunda malamin boko Mushe Amos ne ya kawo, zai gwada.

Ka gabatar da aikin da sunanmu mu biyu kamar yadda muka shirya: ni na gina, kai ka buɗe ƙofa. Ba zan ɓoye maka ba, ina so a san ni na yi shi. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da abin da wasu suka ƙirƙira, wannan kaɗai ne nawa.

Ka huta lafiya. Naka,
Amos


Damagaram, 21 ga Afrilu

Ɗan'uwa Yunusa,

Ina gaishe ka, ina gaida iyali. Yaya zafi? Nan rana ta buɗe, ko dutsen unguwar Birni ba ya taɓuwa da tsakar rana. Allah ya sa lafiya ce ta sa ka shiru, don na kira ka ya fi sau goma, salular tana ƙara ba a ɗauka. Shi ya sa na koma ga takarda, ita dai dole a buɗe ta.

Ranar Talata na je Mirya, na ga ɗan littafin da projenku ya raba wa masu auna ruwa. Ga hoton Malam Alkasum tsaye kusa da ma'auninsa, hoton da ni na ɗauka. Ga bayanin gadar, kusan kalma da kalma yadda na rubuta maka. A ƙasa an sa wanda ya ƙirƙira: sunanka, kai kaɗai. Na juya littafin gaba da baya har mai rabawa ya tambaye ni ko wani abu na ɓatar.

Tun daga Mirya har gida ina nema maka uzuri. Na ce ƙila kuskuren masu bugawa ne. Na ce ƙila dokar biro ce, ba a sa sunan wanda ba ma'aikaci ba. Nasara ta saurare ni har na gama, ta ce in da ita ce a Yamai da kuskure irin wannan, da kanta za ta fara kira. Na yi mata faɗa, na ce ba ta san mu ba, tun muna ajin farko benci ɗaya muke zama.

Don Allah ka rubuto ka ce kuskure ne, zan yarda. In kuma kun taɓa wani abu a cikin aikin, ka aiko mini in duba kafin ruwa ya sauka.

Ni ne naka,
Amos


Damagaram, 2 ga Yuli

Yunusa,

Ina fatan kana lafiya, da Kellu da yara. Mu ma lafiya. Saƙonka ya zo, na farko cikin wata biyar, tare da aikin kamar yadda yake a wurinku yanzu. Ka ce gadar tana haukacewa, in taimaka da sauri. Amma takardar bironku ta riga saƙonka isowa. A cikinta an ce rapor ɗinka ya nuna matsalar daga wani tsohon sashe take, wanda wani malamin lise a Damagaram, Amos, ya rubuta, kuma ana neman bayani daga gare ni. Ashe ka tuna sunana. Ranar yabo bai sami wuri a littafi ba, ranar laifi ga shi cikakke har da sunan lakwal ɗinmu, makarantar da nake koyarwa.

Na buɗe aikin, ban yi minti goma ba na gane. Ka sa ordinata, kwamfutarka, ta nemo maka duk layin da "amos" ya fito a ciki, ka goge su kaf. Layi tara ne. Takwas sa hannu ne kawai a saman shafuka, yadda masu wannan sana'a ke yi. Na tara ɗin kuwa, aiki yake yi.

Gadar ba ta kwafar saƙo, nuna wa tsohuwar manhajar inda yake ajiye kawai take yi. Shi kuwa Python, duk abin da ya ga ba mai riƙe da shi, sharewa yake ya ba wani wurin. Don haka na sa layi ɗaya da ke riƙe saƙon har tsohuwar ta gama karantawa, kuma don wauta irin tawa na sa masa suna riƙon Amos. Da ka goge shi, komai ya ci gaba da tafiya lafiya a gaban darakta, domin saƙo ɗaya kuka gwada. Ranar da hadari ya zagaya, saƙonni suka shigo a jere, tsohuwar tana tsakiyar karanta na Hamdara aka share shi, na Zermu ya zauna a wurinsa. Hamdara yayyafi aka yi, milimita huɗu. Tsohuwar ta karanta arba'in, na Zermu.

Na je Hamdara ranar Asabar. Malam Alkasum ya kai ni gonarsa, ya tona rami da yatsa ya nuna mini geron da ya tsiro ya ƙone a cikin ƙasa. Ya ce shi da ya ga ruwan ya san bai isa ba, amma saƙo ya ce shuka, sai ya ce Mushe ya fi shi ilimi. Gida goma sha bakwai suka bi shi. Bai zage ni ba, har fura ya sa aka dama mini, na kasa sha. Su can ba su san wane suna ke cikin littafi ba, fuskata suka sani.

Ka ci amanata, Yunusa. Na daɗe ina kewaye kalmar, yau na rubuta ta. Da ka roƙe ni aikin gaba ɗaya, ka ce matsayinka a biro ya dogara da shi, wallahi ina jin da na ba ka, in yi fushin wata guda ya wuce. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ka zauna ka rubuta sunana da yatsunka, ka ce a nemo shi duk inda yake.

Gyaran yana cikin kilen da ke tare da wannan takarda. Ku sa shi yau, domin akwai sauran damina kuma mutane za su sake shuka da ɗan irin da ya rage. Biro kuma zan amsa musu gobe, zan aika da aikin yadda na ba ka da yadda ka mayar da shi, ba zan ƙara kalma ko ɗaya ba. Layin na maido shi da wani suna, na duba ko'ina babu Amos a ciki, ba sauran abin da za ka goge.

Ka gaida Kellu da yara, su ba su yi mini komai ba.

Amos