Shekara Biyun Arvid a Jami'a

Zuwa ga Yaya Marlys,

Gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwarki ta yi sauƙi. Na san tun rasuwar Arvid ba kya son ganin rubutuna, amma ƙaninki ne kafin ya zama mijina, dole in sanar da ke. Makarantar likitoci ta jami'a ta aiko min takarda. Ɗalibai sun gama karatu da gawarsa, ranar Asabar ta sama kuma za a yi taron godiya ga iyalan duk waɗanda suka ba da gawarsu. An ƙona gawar, a nan za a damƙa min tokarsa. Tafiyar awa huɗu ce. In za ki, sai in biyo in ɗauke ki.

Taki,
Lorna

Lorna,

Na samu takardarki. Gwiwa na nan yadda kika san ta. Ba inda za ni. Shekara biyu ina wuce gurbinsa a maƙabartar coci, kusa da Baba da Mama, ba komai a ciki. Kin ce shi ya sa hannu da kansa, na ji, amma ke kika buɗe musu ƙofa. Ki je su yi miki godiyar yayyanka min ƙane. Allah ya kiyaye hanya.

Marlys

Yaya Marlys,

Ina gaishe ki. Na je na dawo lafiya, ko ba ki tambaya ba sai na ba ki labari.

Sau uku na zagaya garin ina neman inda zan ajiye mota. Ko'ina yara ne a kan keke, suna shewa, wani da gajeren wando a wannan sanyin. Na ce a raina, waɗannan na miƙa wa Arvid? Saura kaɗan in juya gida.

A zauren taro kowane iyali ya ajiye hoton nasa a kan tebur. Aka yi waƙa, aka karanta sunaye. Da aka tashi, wata ɗaliba mai suna Kendra ta tsaya a gaban hotonmu ta ƙi gaba. Ta ce su ba a gaya musu suna, sai shekaru da sana'a, amma a hoton ta gane hannunsa na hagu, wanda injin girbin masara ya ci wa yatsu biyu. Su huɗu ne suka yi karatu a kansa. Kullum sai sun gaishe shi kafin su fara, in sun gama su lulluɓe shi. Malam suke ce masa.

Na gaya mata Malam ɗin nasu yana ɗan shekara sha shida ya bar makaranta ya koma tatsar shanu, kuma ya sha cewa sai ya shiga jami'a ko da a kwance ne. Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Sai ta riƙe hannuna ta ce, "Mama, watan jiya an kawo wani dattijo asibiti, ni na fara hango ciwon da ke zuciyarsa, don na taɓa riƙe irin wannan zuciyar a tafina, ta Malam. Yana gida yanzu da jikokinsa."

Ita ta ɗauko min akwatin tokar har mota, ta sa shi a kujerar gaba. Na je a yi min godiya, Yaya, ni na dawo ina yi. Na yi magana da fasto, ranar Lahadi za mu sa shi kusa da su Baba. Allah ya ƙara lafiya.

Taki,
Lorna

Lorna,

Na gode da labari. Akwai abin da bai taɓa gaya miki ba, ya kuma hana ni faɗa: ranar da injin ya ci yatsun nan, ni ce a kan taraktar da ke jan injin. Shi ya sa na kasa jure a sake sa masa wuƙa.

Ki biyo ki ɗauke ni ranar Lahadi. Ki tambayi yarinyar ko za ta zo, ina so in gan ta.

Yayarki,
Marlys