Kawu Bulus ya ceci ƙungiyata

Zuru, daren Alhamis

Sati uku ke nan ina buga wani wasa a wayata, mai maimaita kakar ƙwallon Amurka, wadda ake gudu da ita a hannu, ta wajen shekara ɗari baya, zamanin da 'yan wasa ke sa hular fata. Da gangan na ɗauki ƙungiyar da na karanta cewa ita ta zo ƙarshe, na rantse sai na fid da ita kunya. Wasa biyar ana lallasa ni, ina ta jefa ƙwallon gaba abokan hamayya na cafkewa.

Da la'asar Kawu Bulus ya leƙo ta kafaɗata. "Ɗana, wannan ai kokawa ce irin tamu ta Dabai. Daina jifa. Ba ƙaton ɗan wasan nan ƙwallon, ya sunkuya ya tura."

Na ce, "Kawu, kai da ko kunna waya ba ka iya ba?" Bakin nan nawa dai. Dariya kawai ya yi.

Don in ƙaryata shi na bi maganarsa. Kaɗan-kaɗan muka yi ta turawa har muka ƙetare layin da ake cin maki sau biyu.

A tarihi an cinye su a wasan nan, amma yau a ƙofar gidanmu su suka ci. Na ba Kawu haƙuri. Ya ce gobe in kawo wayar kafin ya tafi gona.