Lasisin Ma'aruf da Ƙafar Abdulwasi'u

Zuwa ga Yayana Abdurrahim,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Mu nan unguwar Ka'akiyya a ƙasa mai tsarki sai godiya, amma Yaya ka daure ka karanta a zaune. Ɗanka Abdulwasi'u yana da rai, yana asibiti, kuma mijina Ma'aruf ne sanadi.

Ka san sana'ar Ma'aruf, ya sayi tsohon gida ya gyara ya zuba alhazai. Bara ya ce ya gaji da 'yan kwangila, ya je ya yanki lasisin kwangila da sunansa. Na ce masa sayen gida daban, ɗora bene daban, ya ce mace me ta sani da siminti. Mutumin da ko ƙusa bai iya bugawa ba! A gidan da ya saya a unguwar Tandabawi aka zuba dakin, wato rufin kankare na bene, Hajji ya matso, alhazai sun riga sun kama ɗakuna. Magina suka ce bai bushe ba, ya ce ai shi ne mai lasisi, a cire katakon da ke tokare da shi. Kowa ya noƙe, sai Abdulwasi'u da ke cikin masu aikin, don kunyar mijin gwaggonsa, ya shiga ya fara cirewa.

Dakin ya rufto masa a ƙafa, rodi ya huda cinyarsa. Da hannu aka tono shi, jini har bakin ƙofa. Abokan aikinsa suka yi kan Ma'aruf da shebur, suka fasa masa kai, suka karya masa haƙarƙari, da ƙyar 'yan sanda suka ƙwace shi. Wallahi da na ga rawanin bandeji a kansa ban ji tausayi ba, haushi na ji. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Yanzu yana tsare, babu ɗan kwangilar da zai nuna da yatsa, sunansa ne a kan aikin.

Jiya likitoci suka yanke wa Abdulwasi'u ƙafar daga gwiwa. Hukuma ta ce sai yaron ya yafe haƙƙinsa kafin a duba sakin Ma'aruf, shi kuma ya ce ba zai ce komai ba sai abin da Babansa ya ce. Ba zan roƙe ka ba, Yaya. Kai ka damƙa mini shi amana yana tafiya da ƙafa biyu.

Ka gaida yara, Saudat da Kausar. Mahaifiyar Abdulwasi'u kuwa, ban san da wane baki zan gaishe ta ba.

Ƙanwarka,
Kabira