Makunnin Baya

Litinin

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kuna lafiya ke da maigidanki da yarinyar. Mu nan sai godiya.

Kada ki ga takardata ki ɗauka na sauko ne. Abin da na faɗa shekara goma sha ɗaya da suka wuce yana nan daram: yarinyar da ta ajiye karatun lauya saura shekara ɗaya, ta koma tonon cikin akwatuna a rumfar kasuwa, ban ga abin yi mata guɗa ba. Da uwarki ce ke kai saƙo tsakaninmu, Allah ya jiƙanta. Yanzu sai maƙwabciyarmu mai ɗinki, tunda tana wucewa ta gaban rumfarki kullum. Waya kuwa kin san kunnena ba ya jin ta.

Ga abin da ya faru. Tun ranar da aka kai uwarki asibiti, wata biyu ke nan, ban zauna gaban kwamfuta ba. Jiya da hantsi na cire mata mayafinta, na danna, shiru. Ba fitila, ba ƙarar fanka, ba komai, kamar na danna bango. Na danna da ƙarfi, na danna a hankali, na danna da ɗan yatsan da na saba. Ko motsi ba ta yi ba.

Shekara talatin da huɗu na yi ina babban akawu, ban taɓa ɓata na'urar ofis ba. Wannan ma shekara goma sha ɗaya tana hannuna, ba wanda ke taɓa ta sai ni, ko sau ɗaya ba ta taɓa yi mini gardama ba. Saboda haka laifin ba daga gare ni yake ba. Daga wadda ta harhaɗa ta ne da tarkacen kasuwa, kuma kin san ko wace ce.

Ba cewa nake ki zo ba. Ki rubuto mini abin da ya lalace a taƙaice, in har sana'ar taku tana da wani ilimi ban da hura ƙura. Ina da wasiƙu uku da zan buga wa hukumar ruwa, ga shi kin sa ina rubutu da hannu kamar ɗan firamare.

Ki gaida yarinyar.

Mahaifinki

Talata

Baba,

Ina gaisuwa, ya ƙarin haƙuri. Maigida yana gaisuwa, jikarka ma.

Na ga takarda. Ashe yau an tuna ni na harhaɗa ta. Ni da na ji ana gaya wa baƙi daga babban kamfani aka kawo ta a kwali! To, madalla. Tana aiki ta kamfani ce, ta mutu ta Auta ce.

Likita ma ba ya duba mara lafiya ta takarda, amma tunda ba a so ƙafata ta taka gidan, ga abin da mai hura ƙura take yi wa duk wanda ya kawo mata irin wannan. Ka bi su a jere, kada ka tsallake.

Ka jona dutsen guga a soket ɗin da take, ka ga ko zai yi zafi. Idan ya yi, wuta na zuwa. Sannan ka zare wayarta daga soket mai baki huɗun nan da ke ƙarƙashin tebur, ka jona ta a bango kai tsaye, don waɗannan sukan mutu ba sallama. Idan shiru, ka ɗauko wayar butar lantarkin Mama, bakinsu ɗaya ne, ka gwada da ita. Idan har yanzu shiru, ka zare waya, ka danne makunnin gaba ka ƙirga talatin, ka mayar. Ka kuma sunsuna bayan akwatin ko akwai ƙauri.

Na ƙarshe: a bayan akwatin, kusa da inda waya ke shiga, akwai wani ɗan baƙin makunni mai alamar ɗaya da sifiri. Ka duƙa ka ga ina ya kwanta. Ina roƙonka, wannan kam ka duba shi.

Sai magana mai muhimmanci. Kada ka bar kowa ya buɗe ta, musamman abokin hirarka da kuke kira Injiniya, wanda rediyon da ya gyara na ƙarshe tun ina goye ne. A faifan cikinta akwai muryar Mama. Ranar da na kawo kwamfutar gida na ɗauki muryar Mama minti uku don gwada makirfo, tana dariya tana yi mini faɗa a kan takalmi. Kwafina ya tafi da wayata da aka sace bara. Duk duniya babu wani sai wannan. Wasiƙun hukumar ruwa za a iya sake rubutawa.

Allah ya ƙara lafiya.

'Yarka,
Auta

Alhamis

Auta,

Bayan gaisuwa. Na karanta darasinki, Malama.

Dutsen guga ya yi zafi, har ya ƙona mini gefen littafi. Na jona a bango, shiru. Na ɗauko wayar butar, na sha ruwan sanyi ranar saboda ke, shiru. Na danne na ƙirga talatin, na ƙara ashirin kyauta. Na sunsuna kamar karen 'yan sanda, ƙura kawai na shaƙa. Ashe ilimin da aka bar karatun lauya dominsa ke nan, guga da buta da sunsuna. Allah ya sawwaƙe.

Batun makunnin baya kuwa, ban duba ba, kuma ba zan duba ba. Akwatin yana ƙarƙashin tebur, bayansa a jikin bango, gwiwata kin san halinta. Abin da ba a taɓa ba shekara goma sha ɗaya, aljani ne zai shiga ya juya shi? Ni kaɗai ke kunna ta, ni kaɗai ke kashe ta. Uwarki ko mayafinta ba ta ɗagawa, baiwar Allah ba ta san gaban na'ura da bayanta ba. Ki riƙa yi wa masu kawo miki aiki irin wannan tambaya, ni tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta.

Injiniya ya zo jiya. Mutumin da kike rainawa ya kara kunne a jikinta, ya ƙwanƙwasa sau biyu, nan take ya gane babban allon ciki ne ya ƙone. Ya ce ranar Asabar zai kai ta wurin wani ƙaninsa, a kwashe abin da ke da amfani, a wanke faifan tas a sa shi a wata. Na tambaye shi abin da ke cikin faifan, ya ce wanda ya mutu ya mutu. Na amince, don shi aƙalla ya tako ya zo.

Muryar da kike magana na san da ita. Tun a lokacin na ce shirme ce a goge, ban dai samu sukuni ba ne. Amma tunda kin tayar da zancen, bari in gaya miki abu ɗaya, kada kuma ki maimaita wa kowa. Makon jiya na zauna ina so in tuna yadda take kirana in shayi ya yi. Kalmar na tuna, sautin ya ƙi zuwa. Shekara arba'in da ɗaya ina jin sa, wata biyu kacal ya gudu. Abin ya tsorata ni. Ba don hukumar ruwa na cire mayafin ba.

In kina da wata dabara ban da duƙawa, ki faɗa kafin Asabar.

Mahaifinki

Juma'a

Baba,

Ina gaisuwa. Na roƙi mai ɗinki ta ajiye aikinta ta kawo maka wannan yanzu, don gobe Asabar.

Injiniya ya kara kunne a jikin na'urar da ba wuta, ya ji allo ya ƙone! Kai, wannan da asibiti aka kai shi aiki da an huta da ɗaukar hoton marasa lafiya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wanke faifai, Baba, shi ne a goge komai. Idan ya fita da ita gobe, minti ukun nan sun tafi, ba ni ba, ba wanda ya isa ya dawo da su.

Na yi wa Mama alkawarin ba zan faɗa maka wannan ba, amma ita ma ta san barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kanka na gado. Allah ya yafe mini.

Ranar da na kawo kwamfutar na ce a riƙa zare wayarta in an gama, saboda wutar layinku ba ta da tabbas, ta sha ƙona wa mutane kaya. Ka ce ba yarinyar da za ta kafa maka doka a gidanka, kuma duk wanda ya taɓa wayar zai gamu da kai. Da za ta raka ni bakin titi Mama ta tambaye ni ko akwai wata hanya. Na koma na nuna mata makunnin baya. Na ce bai kai zare waya ba, amma ya fi babu.

Tun daga ranar, kullum da yamma in ka kashe ka rufe ka fita hira, sai ta durƙusa ta miƙa hannu ta danna shi. Kullum da safe in tana shara kana shan shayi, sai ta mayar. Kai kuma ka shigo da jaridarka, ka danna na gaba, ta kama, ka ce na'ura ta san maigidanta. Ta ba ni labarin nan ya fi sau goma tana dariya har da hawaye. Na ce ta gaya maka mana. Ta ce, “Bar shi, Auta. Mutum ya bar aiki, ba a gaishe shi a ofis, ko wannan akwatin ya riƙa yi masa biyayya.”

Ranar da ta faɗi, da safe ne, a bakin ƙofar kicin, da tsintsiya a hannunta. Kai ka gaya wa likita haka a gabana. Ba ta kai ɗakinka ba.

Tun da na karanta wasiƙarka ta farko na zargi haka, shi ya sa na roƙe ka. Ban rantse ba, na'ura ce, tana iya zama wani abin. Amma shekara goma sha ɗaya ana durƙusa maka, Baba. Ka durƙusa sau ɗaya. In gwiwa ta ƙi, ka ja teburin. Ka danna wajen alamar ɗaya.

Ina jin haushinka, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ka rubuta game da kiran shayi ya sa na rufe rumfa na yi kuka. Ni ma sautin ya fara guje mini.

'Yarka,
Auta

Lahadi

Auta,

Bayan gaisuwa.

Ta kama. Na sallami Injiniya daga bakin ƙofa.

Alamar ɗayan ma ta goge, wurin ya yi sumul saboda yawan dannawa. Na daɗe a ƙasan teburin, ba gwiwa ce ta riƙe ni ba.

Ban kunna muryar ba tukuna, ba zan iya ni kaɗai ba. Ki zo da yarinyar, ki zo da abin da za ki kwafa a ciki, da sukundirebanki, don fankar tana ƙara.

Jiya da yamma na kashe na bayan kamar yadda take yi. Yau da safe na gama shayi, na zauna, na danna na gaba har sau uku ina jira.

Ƙofa a buɗe take.

Babanki